Lambar da Na Rubuta a Katin Shatu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Hajiya mai wannan shafi, ina gaishe ki, ina gaida duk masu bibiya, manya da yara. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambar wayata, ko harafin farko kar ki bari ya fita. Ku kuma masu karatu, ina roƙonku kar ku yi saurin yanke min hukunci, ku daure ku kai ƙarshe. In kun kai ƙarshe kuka ga zagi ne ya dace da ni, to ku zaga, babu abin da za ku faɗa min wanda ban faɗa wa kaina ba a cikin shekara bakwai ɗin nan. Sau huɗu ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Yau na rantse sai na tura. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni nas ce, kuma ungozoma, bana shekarata goma sha tara a bakin aiki. Gidan mijina yana Ƙafin Maiyaki, amma fiye da rabin shekarun nan na yi su ne a wani ƙaramin asibiti can gefen dajin Falgore, a ƙauyen da ba zan faɗi sunansa ba. Ɗaki uku ne da baranda. A takarda mu biyar ne ma'aikata, a zahiri mu biyu ne, wani satin ma ni kaɗai. Nakan tafi Lahadi da yamma, ba na dawowa sai Juma'a, 'ya'yana uku kuma suna hannun mahaifiyar mijina. Autana sai da ya shekara uku yana ce min Anti, ita yake ce wa Mama. Na taɓa yin ɓarin cikin wata huɗu saboda jijjigar babur a hanyar nan ta cikin daji, na kwana biyu a gida na koma aiki saboda babu mai riƙe min. Ranar da Babanmu ya rasu a Ba'awa ina durƙushe ina karɓar haihuwar tagwaye, kafin in wanke hannu in sami mota in iso har an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba. Ba don ku tausaya min na lissafa wannan ba, a'a. Ina so ne ku san irin matar da ta tsaya a barandar nan ranar da abin ya faru, ku san cewa ba dutse ba ce, kuma ba mala'ika ba ce.

Babbar 'yata, zan kira ta Ummi, tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ta sauke Alƙur'ani, aka sa musu walima ita da 'yan ajinsu ranar wata Alhamis bayan la'asar. Lahadin da zan tafi ina ɗaure jakata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, ba sai kin zo ba, na san ba za ki samu dama ba. Na riga na gaya wa malamarmu kakata ce za ta zo." Ba ta faɗa da fushi ba, da ma da fushi ta faɗa da ya fi min sauƙi. Ta faɗa ne kamar mai faɗin gobe Litinin. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta riga ta cire uwarta daga lissafi. Na ajiye jakar na kama hannunta na ce, "Wallahi tallahi zan zo, ko da ƙafa ne." Mijina yana zaune yana ji, ya ɗago ya ce, "Kar ki yi mata rantsuwar da ba za ki cika ba, kin yi da yawa." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce.

Alhamis ranar awon ciki ce a wajenmu. Na yi shiri da abokiyar aikina cewa za ta iso da hantsi ta karɓe ni in wuce. Ba ta zo ba, ta bugo ta ce ruwan da aka yi ya cinye hanya, sai Juma'a da safe. Damina ce, ni kaɗai tun Litinin, na karɓi haihuwa da asuba, ban karya ba sai ruwan bunu da na kurɓa a tsaye. Mata sun cika baranda har ƙarƙashin bishiya. Na auna su ɗaya bayan ɗaya, wallahi kowacce na auna mata jini yadda ya kamata, ban tsallake ko ɗaya ba. Ƙarfe biyu da rabi na sallami ta ƙarshe. Na mayar da abin awon hawan jini cikin kabad na kulle, na kulle ɗakin, na sa hijabina, mai babur ɗin da zai fitar da ni bakin titi yana jirana ya riga ya tayar da inji. In na rasa motar da ke wucewa Tudun Wada a lokacin nan, sai Allah ya yi wata. Ina sa ƙafa a matakalar baranda sai na hango mace tana tahowa daga wajen daji, ita kaɗai, da tsohon ciki, tana tafiya tana tsayawa.

Shatu ce, matar wani makiyayi da zan kira Malam Juli. Rugarsu tana da nisa, tafiyar fiye da awa guda a ƙafa. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, cikinta na biyu ke nan, na farko bai zo da rai ba. Na san ta, ta zo awo sau biyu kafin nan, mace ce mai kunya, in tana magana ƙasa take kallo. Ta durƙusa ta ce, "Likita, sannu da aiki, ki yi haƙuri na makara, sai da na gama tatsa." Su duk wanda ya sa farin kaya likita suke ce masa. Na ce, "Shatu, yanzu ake zuwa awo? Kin ga na rufe." Ta ce, "Kaina ne ke ciwo, Likita, kwana uku. Kuma idona yana ganin wuta-wuta." Na kalli ƙafarta. Silifas ɗinta ya nutse a cikin naman ƙafar, igiyar ta yi rami. Na kalli fuskarta, ta ɗan cika.

Hajiya, nan ne wurin da nake gogewa duk lokacin da na rubuta. Na sani. Ba jahilci ba ne, ba mantuwa ba ce. Ɗalibar shekarar farko ma ta san mai tsohon ciki da ciwon kai da kumburi da ganin wuta-wuta, abu na farko a auna jininta, don hawan jinin masu ciki shi ke kawo jijjigar da ke kashe su. Ni da bakina nake koya wa mata wannan duk Alhamis. Mukullin yana cikin jakata. Buɗe ƙofa, buɗe kabad, ɗaura mata a hannu, minti biyar bai cika ba. Amma ba minti biyar ɗin nake tsoro ba. Tsorona shi ne in auna in ga ya hau. In ya hau, ba ni da halin tafiya, sai na kwantar da ita, na nemi mota, na raka ta babban asibiti, walima kuma ta wuce. Don haka na zaɓi kar in sani. Kun ji abin da na yi? Na zaɓi kar in sani.

Na karɓi katinta, na ɗora a kan cinyata a nan matakala, na rubuta kwanan wata, a gurbin awon jini na rubuta ɗari da goma bisa saba'in, na sa hannu. Na ciro farasitamol daga jakata na ba ta, na ce, "Gajiya ce da rana, lafiyarki ƙalau. Ki rage gishiri, ki huta, ki dawo Alhamis mai zuwa da wuri." Na so in ƙara da cewa in ya ƙaru ki dawo gobe, wallahi maganar ta zo bakina, amma mai babur ya danna oda, na juya. Ta ce, "Na gode, Likita, Allah ya kiyaye hanya." Ita ce ta yi min addu'a. Muka wuce ta tana ɗaure katin a bakin zaninta.

Na isa walima a kan lokaci. Ummi tana zaune a layin gaba da farin hijabi, da ta hango ni sai ta miƙe tsaye a tsakiyar taro, malamarsu tana jan ta tana zaunar da ita. Ta yi karatunta muryarta ba ta rawa, tana yi tana satar kallona. Da aka tashi ta riƙe hannuna tana zagayawa da ni wajen ƙawayenta tana cewa, "Ga Mamata, nas ce." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Kuma ga abin kunya na biyu: na manta da Shatu. Ba wai na riƙa tunawa ina dannewa ba, a'a, mantawa na yi gaba ɗaya. Juma'a na yi wa yara waina, Asabar na yi kitso na je gaida ƙannena, ko sau ɗaya ban ɗaga waya na ce wa abokiyar aikina ta aika a duba wata mata a ruga ba. Kira ɗaya fa. Wace irin zuciya ce ke iya wannan?

Litinin da hantsi ina yi wa wani dattijo wankin ciwo na ji ihu. Babur ne ya shigo har bakin baranda, an sa Shatu a tsakiya, mijinta a baya ya rungume ta, kanta ya langaɓe, bakinta duk jini ta tauna harshenta. Kafin a sauke ta jijjigar ta sake tasowa. Na yi duk abin da aka koya min, kuma na yi da kyau, wannan ba yabon kai ba ne. Na juya ta gefe, na yi mata allurar jijjiga, na sa mata ƙarin ruwa, na auna jinin, abin da na gani ba zan rubuta ba. Na fita da gudu ba takalmi na tare wata motar ɗaukar masara, na roƙi direban da girman Allah ya sauke kayansa. Na shiga bayan motar na ɗora kanta a cinyata, hannuna ɗaya riƙe da ledar ruwan a sama har muka isa babban asibiti. A hanya ta buɗe ido sau ɗaya ta kalle ni. Ban san ko ta gane ni ba. Wannan kallon har yau ban gama fassara shi ba.

Aka shiga da ita tiyata, aka ciro 'ya mace da rai, ƙarama amma tana kuka. Shatu ba ta farfaɗo ba, washegari da azahar ta cika. Likitan da ya yi aikin ya ce a ba shi katin awonta. Malam Juli ya ciro shi daga aljihu a naɗe cikin leda. Likitan ya duba, ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Sista, ke kika auna ta ran Alhamis?" Na ce, "Eh." Ya ce, "Ɗari da goma bisa saba'in. Ikon Allah. Wani lokacin haka yake zuwa bagatatan, babu alama. Kin yi ƙoƙari, ba don ke ba da uwa da 'ya duk an rasa." Na bar shi a kan haka, ban ce masa ban auna ba. Daga baya da aka zauna bincike kamar yadda ake yi in mai ciki ta rasu, katin nan shi ya wanke ni tas. Ba wanke ni kawai ba, har takardar yabo aka ba ni saboda motar masara. Tana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa iya ratayewa ba, ban kuma iya yagawa ba.

Kwana bakwai Malam Juli ya zo asibiti da mahaifiyarsa, tsohuwar ta goyo jaririyar. Ya tsuguna a barandar nan, kusa da matakalar da na zauna na rubuta ƙaryar, ya ce, "Likita, mun raɗa suna. Sunanki muka sa mata. Na ga yadda kika yi gudu ba takalmi, ko 'yar'uwarta ta jini iyakar abin da za ta yi ke nan." Tsohuwar ta kwance goyon ta ɗora min a hannu ta ce, "Ga takwararki, ke ce uwarta yanzu." Na fashe da kuka, suka zaci tausayi ne, suna ba ni haƙuri. Su suke ba ni haƙuri, jama'a. Tun daga ranar ba a wata biyu ba su aiko min da man shanu ko kindirmo ba. Ban taɓa sa shi a bakina ba, rabar da shi nake a unguwa, mijina har tsokanata yake wai ni ce kaɗai mutumin da ke ƙin man shanu na ruga.

Shekara bakwai ke nan. A ido ina lafiya, har ƙarin girma na samu. Amma ku tambayi matan da ke zuwa awo wajena, za su ce muku wannan nas ɗin ta cika naci, sai ta auna mutum sau uku, in ya kai bakin ƙofa ta kira shi ta sake. In mace ta ce min kanta na ciwo, sai in ajiye komai in ɗauko abin awo. Da rana tsaka, ido biyu, nakan ɗaga kai daga rubutu in hango mai ciki tana tahowa daga wajen daji tana tafiya tana tsayawa, in na ƙura ido sai in ga babu kowa, ko in ga wata ce daban. Ba na iya kulle ɗakin nan sai na tsaya na kalli hanyar na wani lokaci. Abin da ya fi cin raina shi ne ban san gaskiyar abin ba. Wataƙila ran Alhamis ɗin jininta ya riga ya hau. Wataƙila kuma likitan ya yi gaskiya, da na auna da lafiya zan gani. Ban auna ba, don haka ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba har ranar da za a tsayar da ni da ita.

Na taɓa zuwa wajen wani malami a Bebeji, inda ba a san ni ba, na ce masa wata ƙawata ce abin ya faru da ita. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, ki gaya wa ƙawarki ƙofar tuba a buɗe take. Amma haƙƙin Allah daban, haƙƙin bayinsa daban. Na biyun ba ni zan yafe ba, masu shi suna raye." Yadda ya faɗi kalmar ƙawarki na san ya gane. Na dawo na yi azumin wata biyu, na ce wa mijina ramuwa ce ta taru min tun goyon auta. Na yi sadaka da sunan Shatu, ina yi mata addu'a a kowace sujada. Na ɗan sami sauƙi, na ce wa kaina to shi ke nan, zan tafi da sirrin nan kabarina, tunda faɗar ba za ta dawo da ita ba, sai dai ta ƙona zukatan da suka riga suka haƙura. Da wannan na rayu, har watan jiya.

Watan jiya Malam Juli ya zo da takwarata. Ta girma, doguwa, idon uwarta sak, ta iya gaisuwa da Hausa da Fulatanci. Ya tura ta wajen mai gyaɗa, ya zauna a bakin baranda yana juya sandarsa. Ya ce in an gama girbi za su tashi da shanu su yi kudu, kiwo ya yi wuya a nan, tsohuwarsa kuma ƙarfi ya ƙare. Ya ce, "So nake ki riƙe ta a gidanki ta yi boko, ta zama irinki. Ba ni da wanda na yarda da shi kamarki." Kafin in sami abin cewa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, akwai maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Innata." Na zaci ya gano. Ya ce, "Ran Juma'ar nan, washegarin zuwanta wajenki, ta ce min kan ya ƙaru, in kai ta asibiti. Na ce mata ba jiya Likita ta ce lafiyarki ƙalau ba? Na tafi kasuwar shanu. Ran Asabar ta sake faɗa, na ce raki ne. Ni na kashe ta, Likita. Shekara bakwai ban yi barci mai daɗi ba, shi ya sa ban iya sake aure ba." Namiji, Bafulatani, da furfura a gemunsa, yana kuka a gaban mace. Sannan ya ɗago ya tambaye ni, "Don Allah ki gaya min gaskiya, ke kika san aikin. Da na kawo ta ran Juma'a, da ta rayu?"

Kun san abin da na ce? Na ce, "Malam Juli, rai na Allah ne, kwananta ne ya ƙare." Ya gyaɗa kai ya share fuska ya ce, "Haka ne." Amma na ga bai sauke komai ba, da kayansa ya tashi. Ashe duk shekarun nan da nake cewa ni kaɗai nake ɗauke da abin, akwai bawan Allah a cikin daji yana ɗauke da rabona a kansa, yana zaton nasa ne. Maganata ce ta hana shi kawo ta. Ya yarda da ni ne, laifinsa ke nan. Ina da kalmar da za ta sauke masa, ta zo har maƙogwarona, na haɗiye ta kamar yadda na haɗiye waccan a kan matakala.

Kamar wannan bai isa ba, Ummi ta gama sakandare, jarrabawarta ta yi kyau, ta ce ita makarantar koyon aikin jinya za ta shiga. Ta cike komai, sa hannuna da na babanta kawai ake jira. Na ce mata, "Ummi, ki nemi wani abin, ki yi koyarwa, ki yi komai ban da wannan." Ta ce, "Mama, don me? Ke fa kika sa nake so. Tun ranar da kika ba mu labarin motar masara na san abin da zan zama." Na ce, "Kin manta yadda kika taso ba uwa a gida?" Ta yi dariya ta ce, "Na taso ina alfahari da ke." Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar a ji kukana. Babanta yana ganin baƙin ciki nake mata, har ya ce min, "Ke kin ci moriyar aikin, ita za ki hana ta?" Wace moriya? Ya san bayana da ba na iya sunkuyawa, ya san cikin da na rasa, ya san gawar Babanmu da ban gani ba, amma bai san wannan ba. Shekara ashirin da ɗaya muna tare, bai sani ba.

Ba zan ce aikin nan ba shi da alheri ba, ƙarya zan yi. Akwai yara da yawa tsakanin Doguwa da Tudun Wada da suke gudu a yau waɗanda da hannun nan na juyo su. In na shiga kasuwa sai mace ta riƙe ni ta ce wa ɗanta gaida wadda ta karɓe ka. Amma aiki ne da yake tatsar mutum kullum kaɗan-kaɗan, har ranar da zai wayi gari babu sauran komai a cikinsa, kuma ranar nan ce za a kawo masa ran wani. Ba wanda ya gaya mana wannan a makaranta. Ni ban zama muguwa da gangan ba, gajiya ce da son 'yata suka haɗu a minti biyar. To in ni da nake ganin ina tsoron Allah na iya, me zai hana Ummi ta tsinci kanta a irin matakalar nan wata rana? In sa mata hannu da wace zuciya? In hana ta kuma da wane dalili, tunda dalilin na gaskiya ba na iya faɗa?

Na rubuta takardar ajiye aiki, tana jakata sati uku ban miƙa ba. In na tafi, wa zai zauna a ƙauyen nan? Na san babu mai zuwa, an turo mutum uku duk sun nemi canji. In na zauna kuma, kullum da wannan hoton zan kulle ƙofa. In na gaya wa Malam Juli gaskiya, zan sauke masa nauyi, amma zan karya masa abu ɗaya da ya rage yana riƙe da shi, kuma in maganar ta fita a rugage, matan da na sha wahala kafin su yarda da awo za su koma haihuwa a gida, wasu su mutu saboda ni a karo na biyu. Ko kuwa wannan ma dabara ce zuciyata take yi min don in tsira da mutuncina? Wallahi ban iya bambancewa kuma. In na karɓi yarinyar ban faɗa ba, zan tashe ta a ɗakina tana ce min Mama, tana amsa sunana, da idon uwarta tana kallona safe da yamma. Wannan biyan haƙƙi ne, ko ƙarin cin amana? In na ƙi karɓa, me zan ce masa?

An fara yankan dawa. Ya ce zai dawo jin amsa Alhamis ta sama, kuma zai taho da ita da 'yan kayanta, don ya tabbata ba zan ce a'a ba. Malamai da ke shafin nan, ma'aikatan lafiya 'yan'uwana da suka san abin da nake faɗa, iyaye mata, duk wanda ya taɓa rasa nasa a hannun irina, ku nake tambaya. Ba tausayi nake nema ba, kar ku ce min ƙaddara ce, na riga na faɗa wa mijinta haka kuma na san abin da na ɓoye a bayanta.

Kwana tara ya rage. Me zan yi?